Sakatar Bindiga a Kayan Amarya

Washegarin ranar da aka kai Nishu gidan miji, ina tsugune a tsakar gida ina kankare ƙanzon madara a gindin tukunya, sai yayana Netrapal ya fito daga ɗakin da muka tara kayan amarya ya tsaya a kaina. Ɗakin nan babu abin da ya rage a cikinsa sai tsintsiya, to me ya shiga nema? Na ɗaga kai na dube shi. Leɓensa ya bushe, idonsa ya yi zuru-zuru.

"Birmati, ina tukunyar girkin nan mai fito da tururi? Sabuwar, wadda ke cikin kwali."

"Wace irin tambaya ce wannan, Yaya? Ta bi mai ita mana. Da hannuna na ɗora ta a tarakta."

Ya nemi bakin gadon igiya ya zauna a hankali, kamar wanda ya tashi daga jinya.

"Sakatar tana ciki," ya ce.

Cokalin da ke hannuna ya faɗi. Duk wanda ya zauna da Yaya Netrapal ya san sakatar nan. Wani ƙarfe ne da bai wuce tsawon tafin hannu ba, shi ke tura harsashi ya kulle shi a cikin bindiga. In babu shi, bindigar da Yaya ya sayar da ɓaunar tatsa biyu ya saya ba ta da maraba da muciya. Ga shi kuma gobe Lahadi, ranar gasar harbi a birnin Meerut.

Tun da matarsa ta rasu ta bar masa Nishu tana 'yar firamare, ni kuma na dawo gida na riƙe masa yarinyar, Yaya ya kama zuwa filin harbin da ke bayan kamfanin sukari. Manomin rake ne kamar kowa a garinmu, amma shi ya zaɓi ya riƙa kwanciya rub da ciki a tabarma kamar ƙadangare, yana huda wani baƙin ɗigo a jikin takarda. Babu irin dariyar da ba a yi masa ba. Ni ma na yi tawa. Sai dai na ga mutumin da ya daina cin abinci ya dawo yana neman ƙari, sai na kama bakina. Shekara da shekaru yana zuwa ƙananan gasa yana dawowa da gajiya kawai, sai bana, da furfura ta gama cinye masa kai, ya samu makin da ya ba shi gurbi a babbar gasar jiha, ɓangaren dattawa. Tun da labarin ya zo yake tafiya kamar saurayi.

In kuwa ana maganar bin doka, yayana har haushi yake ba ni. Bindiga a akwatin ƙarfe, harsashi a wani akwatin, makulli a wuyansa ko wanka zai shiga. Kwanson harsashin da ya harba ma sai ya tsince abinsa ya zuba a gwangwani. Yogender, ɗan sandan da ke zuwa duba lasisi, shayi kawai yake sha ya tafi, don ya san ba zai samu komai ba.

"To me ya kai sakatar bindiga cikin tukunyar amarya?" na ce, ina ƙoƙarin kada muryata ta kai waje.

Rabin amsar na riga na sani. A wajenmu ango ba ya sauka a ƙofar gidan amarya bindiga ba ta yi magana ba. Haka aka yi a auren iyayenmu, haka aka yi a nawa. Yanzu hukuma ta hana. Wanda aka kama ya yi harbi a biki, lasisi ya tafi, bindiga ta tafi, in bai yi sa'a ba ya ɗanɗana gidan yari. Mutane ba su daina ba, sun dai koyi yin sauri. Babban yayanmu Ompal tun da aka sa rana yake shela cewa bindigar gidanmu za ta gaishe da baƙi. Shi ne Netrapal ya ce masa sakata ta lalace, tana Meerut wajen mai gyara. Ompal bai yarda ba, sai da ya sa aka buɗe akwatin ƙarfen a gaban dangin ango, kowa ya ga bindiga kwance babu sakata. Aka yi biki aka tashi ba a ji ƙarar komai ba sai ta ganga.

"Ɗakin kayan nan kaɗai na san namiji ba zai shiga bincike ba," in ji Yaya. "Na ce kafin a loda zan ɗauke."

"Sai kuma aka yi yaya?"

Ya sunkuyar da kai. Ba sai ya faɗa ba. Ni na ɓamɓare hannunsa daga ƙofar motar amarya jiya, yana kuka kamar yaron da aka yaye. Mutumin da bai taɓa manta makulli ba, jiya ko sunansa ka tambaye shi sai ya yi tunani. Tausayinsa ya kama ni, haushinsa ma ya kama ni, na rasa da wanne zan fara.

"A kira Nishu ta ɗauke a ɓoye," ya ce.

"Wa zai bar amaryar jiya da waya, Yaya? Tana can a tsakiyar mata an lulluɓe ta. Kayan kuma suna hannun uwar miji, yau za a baje su 'yan unguwa su gani. Ba a samun wata a kasuwa?"

"Kin zata kwaɗon ƙofa ne? Lambarta ɗaya da ta bindigar. Kuma ƙarfe mai lamba a gidan da ba su da lasisi, laifi ne a kaina, su ma zai iya shafar su."

Ni ba dokar hukuma ce ta fi tada mini hankali ba. Abin da ya bi 'ya gidan miji ya tafi ke nan, ko allura ce ba a cewa a dawo da ita. Mu da ko ruwan garin da muka aurar da 'ya ba ma sha, ta yaya uba zai je ya ce ya yi mantuwa a cikin kayan ɗaki? Har Nishu ta yi jikoki za a riƙa yi mata gori cewa ubanta ya biyo tukunya.

Amma zuwa da kaya a hannu ba a hana kowa ba. Na cika kwano da man shanu, na ɗaure curin mazarƙwaila a ƙyalle, na ce ya tada babur.

"Zan ce mantuwa muka yi. In na riga su kai hannu kan kwalin, shi ke nan, ba wanda zai ji."

Ya sauke ni a gadar rafin da ke bakin garin Harbir, uban ango. Shi ya tsaya a gindin wani mangwaro, tunda ƙafarsa ba za ta taka garin ba. Na ƙarasa a ƙasa, da kwanon a hannuna.

Na makara. Tsakar gidan ya cika da mata, an jera gadaje an baje kaya a kai, wannan ta murza zane ta taɓe baki, waccan ta ƙwanƙwasa faranti ta kara a kunne. Nishu na zaune a tabarma cikin jan lulluɓi, ba abin da ake gani sai yatsun ƙafarta masu lalle. Kamlesh, uwar angon, ita ke ɗaga kayan ɗaya bayan ɗaya tana faɗin sunansu kamar mai gwanjo. Na hango kwalin tukunyar a ƙarƙashin gadon ƙarshe, ba a taɓa shi ba tukuna.

"A'a, goggon amarya!" in ji Kamlesh. "Kwana ɗaya har kun kasa haƙuri? Ko kin zo duba ko mun cinye ta ne?"

"Wa ya sani, na ga haƙoranki da ƙwari," na ce, aka kwashe da dariya. "Man shanunta muka manta. Ba ta iya cin gurasar roti gaya."

Wata ta miƙo mini kofin ruwa don tsokana, na kau da kai, aka sake dariya. Maƙogwarona kuwa kamar an zuba masa rairayi. Na samu wuri na zauna, na yi ta jan gindi kaɗan-kaɗan, ina yaba kayan da ni na saye su da hannuna, har ƙafata ta taɓa kwalin.

"Kawo in taya ki da na ƙasan nan, kar bayanki ya ƙage."

"Rufa mini asiri! Dangin amarya su yi aiki a gidana? Zauna abinki." Ta sunkuya ta janye kwalin daga jikin ƙafata.

Ta ɗaga tukunyar sama tana ƙyalli, mata suna ta "kai, kai". Sai wani abu ya yi ƙwal a ciki. Kamlesh ta buɗe murfin ta zaro wani ɗauri a jan ƙyalle, ta auna nauyinsa a tafinta, ta dube ni tana murmushi. Zinariya ta zata, baiwar Allah. Ta warware a gaban kowa, warin man bindiga ya tashi.

"Wannan kuma na dakan mene ne?" wata tsohuwa ta tambaya.

Wata da mijinta soja ne ta leƙo. "Na dakan mutum ne, Inna. Kayan bindiga ne wannan."

Na dubi Nishu, yatsun ƙafarta sun dunƙule a kan tabarma. Ita ta san ko mene ne, ita da ta tashi tana riƙe wa ubanta tsumma in yana goge shi.

Ba a jima ba aka ce Harbir na kirana, shi da ake ce wa Chaudhary don shi ne babba a garin. Na ja mayafi na tsaya a bakin zauren da maza ke zama. Yana kishingiɗe da tukunyar taba a gabansa, ƙaton mutum mai gashin baki, sakatar a kan cinyarsa. Ba mugu ba ne, gara in faɗa tun yanzu. Mai son raha ne, da son a ce shi ne.

"'Yar'uwa, ashe mai gyaran Meerut a cikin tukunya yake da shago?"

Mazan suka fashe da dariya. Na ce mantuwa ce, na ce gobe gasa, na ce hukuma, na faɗi duk abin da ya zo bakina.

"Hukuma," ya ce, ya busar da hayaƙi. "Kin san abin da aka ce mini jiya a garin nan? An ce ɗana ya je ɗauko mata ya dawo shiru kamar wanda ya je ta'aziyya. Na ce bindigar surukina ce ta lalace, har rantsuwa na yi musu. Yanzu ga shi mata sun gani. Kafin rana ta karkata kowa ya ji an mai da ni wawa."

"Ba don raini ba ne, Chaudhary."

"Na sani, don tsoro ne. To ni dai ba zan ba ki ba. Abin da ya shigo gidana tare da amarya ba ya fita, ke ma ba za ki so in kunyata ku in miƙa miki ba. Amma ga hanya mai sauƙi. Ya kawo bindigar ƙofata, ya mayar mata da ƙarfenta, ta gaishe da ɗana sau ɗaya. Kin ga ni ban ba shi ba, shi bai karɓa ba, ƙarfe ne ya koma ɗakinsa. Kunyar shigowa gari ma na ɗauke masa, ki ce ni na kira shi."

Ya faɗi haka ne yana jin ya yi mana babban alheri. Abin da ya fi ba ni tsoro ke nan.

Na tarar da Yaya inda na bar shi, ya yayyaga ganyen mangwaro ya tara a gabansa. Ya saurare ni har na gama bai katse ni ba.

"Ka bar musu," na ce. "Gasa ai duk shekara ana yi."

"In Yogender ya zo duba bindiga in ce masa sakata tana ina? A tukunya?" Ya murza idonsa. "Kuma idon nan ba ƙaruwa yake ba, Birmati. Bana ma in rana ta yi ƙarfi da ƙyar nake raba baƙin da farin. Baɗi ban san abin da zan gani ba."

"To ka je ka saka abinka, ka ce ka manta harsashi."

"Harbir ba yaro ba ne. In na sake raina masa hankali a gaban mutanensa, a jikin Nishu zai fita."

"To me za ka yi?"

"Zan je in roƙe shi."

Muka koma gida. Labari ya riga mu isa, don Ompal na tsaye a ƙofa. Ya dubi ƙaninsa sama da ƙasa, ya ce, "Sannu, mai gyara," ya tofar da yawu ya wuce. Yaya ya shiga ya saka fararen kayansa, ya ɗauko jakar bindiga. Ina kallonsa ya buɗe ƙaramin akwati ya ɗauki harsashi guda, ɗan mitsitsi kamar yatsan jariri, ya jefa a aljihun gaba.

"Mai roƙo me zai yi da wannan?"

"Ban sani ba tukuna," ya ce, bai dube ni ba.

Duk hanya jakar na tsakanina da bayansa, ina jin taurin ƙarfen a ƙirjina. Fata nake taya ta fashe, ko mai ya ƙare, amma babur ɗin da kullum sai an tura shi ranar ko tari bai yi ba.

Ƙofar gidan Harbir kamar an sake wani bikin, har da mai ganga. Maza sun cika fili, mata sun hau saman soro, yara sun jeru a katanga. Kowane saurayi kuma da waya a hannunsa. Yaya ya haɗa hannu ya gaishe da Harbir, kai a ƙasa, yadda uban 'ya ke yi.

"Chaudhary, don Allah a sauke wayoyin nan."

Harbir ya daka tsawa. Wayoyi suka sauka zuwa cinya, suka tsaya nan suna leƙe.

Aka kawo sakatar a kan faranti. Yaya ya durƙusa ya buɗe jaka, ya juya bakin bindigar ƙasa, ya zura sakatar ta shige ƙyas. Na ga kafaɗunsa sun sauka. Da ana iya ɓacewa, da a nan na kama hannunsa mun ɓace.

"Surukina, alfarma nake roƙo," ya ce. "Gobe ka zo Meerut, kai da ango. Duk harsashin da zan harba, da sunan ɗanka zan harba shi, a gaban alƙalai. Amma a nan, in na taɓa kunamar nan, an raba ni da ita ke nan."

"Wa zai raba ka? Nan garina ne. Ko kaza ba ta zuwa wajen 'yan sanda ban sani ba."

"Wayoyin nan ba su san garin kowa ba."

Angon, yaro mai kunya, ya matso ya ce, "Baba, a bar shi mana." Uban ya ture shi da bayan hannu ko kallonsa bai yi ba.

"Haba, Netrapal! Sau ɗaya fa. Sai ka ce rai aka ce ka ɗauka."

Yaya bai motsa ba. Mai ganga ya gaji ya yi shiru. Fuskar Harbir ta fara sauyawa, don ya ji dariyar ta fara juyowa kansa. Sai wani tsoho daga dangin ango, irin waɗanda ba a rasa su a taro, ya ɗaga murya ya ce, "Gidan da suka iya ɓoye ƙarfe a tukunya, wa ya san me kuma suka ɓoye mana a cikin lulluɓi?"

Jinina ya tafasa. Na buɗe baki zan wanke shi soso da sabulu, sai wata murya ta riga ni daga saman soro.

"Baba, kar ka yi! Ka bar musu, Baba, ka tafi gida!"

Nishu ce. Ta yaye lulluɓinta har goshi, ta riƙe bakin katanga da hannu biyu. Amaryar jiya, a gaban uban mijinta da dattawan gari, da murya har bakin titi. Na ji matan sun ja numfashi a tare. Kamlesh ta fisgo ta baya. Wata ta ce, "Tirƙashi! Wannan a kwana ɗaya ke nan." Ban taɓa son yarinyar nan kamar a lokacin ba, ban kuma taɓa jin tsoron abin da zai same ta haka ba, don mu babur za mu hau mu tafi, ita kuwa a gidan nan za ta tsufa.

Yaya ya daɗe yana kallon inda ta tsaya. Sannan ya juyo.

"Chaudhary, a mayar da mutane bayana."

Ihu ya tashi, ganga ta dawo. Harbir ya washe baki ya nuna masa sama. Yaya ya girgiza kai, ya ce harsashin da aka aika sama a kan ɗan wani yake saukowa. Ya zagaya filin ya zaɓi wani tulin kandilon girki da aka jera a jikin tudun ƙasa. Ya je da kansa ya leƙa bayan tudun, ya kori wata akuya, ya sa aka sauke yara daga katanga. Mutane sai dariya suke, wai ga hedimasta ya zo. Sannan, da fararen kayansa, ya kwanta rub da ciki a cikin ƙura, don bai iya harbi ta wata hanya ba.

Wayoyin duk sun koma sama. Na gani, shi ma ya gani. Ya ciro harsashin ya saka, ya kwantar da kumatunsa, ya ja numfashi ya saki rabi. Ya daɗe a haka kamar akwai alƙali a bayansa. Mata sun toshe kunnuwa. Ni ido na rufe.

Tas.

Kamar an karya busasshen karan rake. Ɓaunar da ke ɗaure a gefe ko kai ba ta ɗaga ba. Aka yi jim ana jiran ƙarar ta iso, da aka gane ita ke nan, sai wurin ya kece da dariya. Harbir har da riƙe ciki, hawaye na bin gashin bakinsa.

"Wannan ce? Wannan ce ta ɓauna biyu? Ai tusar jikana ta fi ta ƙara! Sake, surukina, ba mu ji ba."

"Ɗaya na kawo," in ji Yaya. Ya buɗe sakata, ya tsinci kwanson ya sa a aljihu, ya tashi.

Harbir ya rungume shi, ya kakkaɓe masa ƙura da hannunsa, ya ɗaga kai ya ƙwala wa matarsa kira. "Kamlesh! Kar in ji an ce wa yarinyar nan komai. 'Yar da ke son ubanta haka, mu ma za ta so mu." Abin da muka samu ke nan, kuma ba zan ce ba komai ba ne.

"Ai ba wanda ya ji," na ce wa Yaya a hanya, ina ɗaga murya saboda iska. "Wa zai kai ƙarar abin da ko ɓauna bai tayar ba? Ƙila ma su goge, tunda ba abin nunawa." Ni ma dai ba shi nake lallashi ba.

Da muka isa ya goge bindigar yadda ya saba, ya jera rigar harbinsa mai tauri da tabarma da abin toshe kunne. Ni kuwa duk babur ɗin da ya rage gudu a ƙofarmu sai na leƙa waje. Ba wanda ya zo. Gari ya waye ba wanda ya zo, har na fara jin yunwa. Na gasa masa roti na shafe da man shanu, ya ci ya ƙara, har ya tsokane ni wai shayina ya koma ruwan wanki. Na ce yau zan bi shi Meerut, tunda ban taɓa zuwa ba, in ga wannan hudar takarda da ta sa muka sayar da ɓauna. Ya yi murmushi ya ce in taho da abin toshe kunne, ba don bindiga ba, don kada in dame shi da surutu.

Mun ɗaure kaya ya tada babur ke nan, waya ta yi ƙara a aljihunsa. Ya duba sunan, ya kashe babur ɗin. Yogender ne. Ina manne da bayansa, don haka na ji komai.

"Baba Netrapal, kana gida?"

"Ina ƙofa."

"An turo wa oga wani bidiyo da sassafe. Yaran sun sa masa kiɗa, yana ta yawo. Fuskarka ta fito sarai." Ya rage murya. "Na ce masa a tulin kandilo ka harba. Na ce ka fi mu bin doka. Ya ce taron biki ne, kuma harbi ne."

"Gaskiya ya faɗa."

"Ka kawo bindigar da kanka, har da lasisin. In ka zo da ƙafarka zan yi ƙoƙari abin ya tsaya a kan bindiga. Kar ka bari a aiko ni, Baba, ba zan iya shiga gidanka a haka ba."

"Yau ne gasar," Yaya ya ce a hankali. Ba roƙo yake ba, kamar kansa yake tuna wa.

"Na sani. Na roƙe shi ko zuwa yamma. Ya ce yanzu."

Ɗakin ajiyar yana bayan ofishin 'yan sanda, ga duhu, ga warin tsatsa da fitsarin ɓera. An jibge bindigogin ƙirar maƙera a lungu, da adduna, da wani keke marar taya. Yogender ya karɓi jakar da hannu biyu, ya rasa inda zai sa idonsa. Ya ɗaura mata 'yar takarda da zare.

"Kwantar da ita za ka yi, ɗana, kar a jingina ta," in ji Yaya. "Damina na tafe, a ɗora ta a kan wani abu."

Yogender ya dudduba, babu wani abu. Ya fita ya ɗauko bencin da masu kawo ƙara ke zama, ya kwantar da ita a kai, ya ja ƙofa ya kulle.

Muka fito rana ta yi sama. A Meerut yanzu an kira sunansa an wuce. Na so in yi zagi, in zagi Harbir, in zagi Ompal, in zagi tsohon nan har kakanninsa, amma da na dubi yayana sai na kasa. Ya tsaya a jikin babur, ya kai hannu zai gyara igiyar jaka a kafaɗarsa, hannun ya tarar babu komai. Ya bar shi a nan kan kafaɗar.

"Birmati, in an kawo Nishu ganin gida jibi, ki ce mata na je gasar. Ki ce ban ci ba ne kawai."

"Za ta ji, Yaya. Gari duk ya sani."

"Za ta ji. Amma ba jibi ba, kuma ba daga bakinmu ba."

Na ce to. Sannan kukan da nake riƙewa tun jiya ya ƙwace mini, a nan gaban 'yan sanda.